Jar Mota a Dilimi

A Dilimi na gan ta, bayan shagon Chollom,
ranar da na je neman murfin lagireto.
Ta durƙusa kan duwatsu huɗu, babu taya,
kaza ta yi ƙwai a mazaunin direba,
kabewa ta yi yaɗo har kan sitiyarinta.

Ja ce a da. Yanzu jan na tsatsa ne.
Rumfar tamfol da ake naɗewa baya
saura haƙarƙari, kamar lemar da iska ta gama da ita.
Ido ɗaya ya fashe, ɗayan na kallona.
Wallahi ta riga ni ganewa kafin in gane ta.

Ta Baturen kuza ce da ya zauna a Rayfield.
Babana ke wanke ta kullum da asuba,
cikin sanyin da ke hana yatsu lanƙwasa,
ni ina riƙe da bokiti, haƙora na kaɗawa.
Shekara tara yana goge ta har ya ga fuskarsa,
bai taɓa zama ba, ko na minti, a kujerarta.

Chollom ya ce, miliyan ɗaya da rabi, ja abarka.
Na ce, gyara fa?
Ya yi dariya, ya goge baƙin mai a wandonsa:
Malam Tanimu, inji ya kafe tun mulkin soja,
ƙasan ya ruɓe, za ka riƙa ganin titi tsakanin ƙafafunka,
kafireto sai an aiko daga ƙetare,
mai walda zai ci, mai fenti zai ci, mai waya zai ci,
ni ma zan ci, ba zan ɓoye maka ba.
Ran Alhamis 'yan gwangwan za su zo da sikeli,
kilo-kilo za su yanka namanta.

Asabe ba ta ɗaga murya ba.
Ta nuna min kwanon da muke tarar yoyo a ɗaki,
ta ce Rumasa'u saura shekara biyu ta gama jami'a,
ta ce kujera biyu gare ta, mu bakwai ne a gidan nan,
ta ce motar da ba rufi, a Jos, cikin Agusta?
Sannan ta ce, gwiwarka ma sai an kama ka kake tashi.
Na nemi ƙarya ko ɗaya na rasa a maganarta.

Da dare na juya bayan takardar kuɗin wuta,
na jera giratutin shekara talatin da biyar a hukumar ruwa,
na ɗebe, na sake ɗebewa,
lissafi ya ce a'a sau uku.
Amma da na rufe ido ga ni a hanyar Bukuru,
iska ta ɗauke min hula ban tsaya ɗauka ba,
tsoho na gefena, hannunsa a bushe, babu tsumma,
yana cewa, taka mata, ɗana, mu ji muryarta.

Yau Laraba.
Na dawo, na kwashe ƙwai uku na sa a hulata,
na zauna. Ƙarfen kujera ya soke ni ta riga.
Daga nan ashe sama kawai ake gani,
sama da wayar lantarki da shirwa guda.
Baba, abin da ke ciki ke nan, na gano maka.

Rabin kuɗin na aljihuna, ɗaure da roba.
Chollom ya kau da kai, yana kwance wani noti.
Hadari ya taso daga Dutsen Shere.
Ban fitar ba, ban kuma tashi ba,
kaza na zagaye na, tana jiran in ba ta motarta.